Ɗinkin duwatsun da nake yi don nishaɗi ya zame min alaƙaƙai a gidan miji

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce da yara biyu. A waya na koyi jera duwatsu da sikwin, 'yan faya-fayen nan masu ƙyalli, a jikin kaya da hannu, ba sana'a na ɗauke shi ba, kawai in yara sun yi barci na zauna ina yi sai in ji kaina ya huce. Na yi wa kaina mayafi da 'yar fos na je da su suna, toh tun daga ranar ban sake hutawa ba, kowa a dangin mijina sai ya aiko da leda, ba mai ba ni ko kuɗin zare. Yanzu ƙanwar mijina za ta yi aure nan da sati biyar, ta kawo rigar dina da mayafin kamu da ɗankwalin ƙawayenta takwas wai in cika su da dutse irin wani hoto da ta gani a Instagram. Da na ɗan nuna zai yi yawa sai Hajiya surukata ta ce ai aikin zaune ne. Ga wata abaya da na yi wa facalata duwatsun suka zube a wajen biki, har yau ana min habaici. Idona yaji yake, wuyana ya sage, maigida ya fara ɗaure fuska wai ina kai ƙarfe ɗayan dare. Wallahi har na fara tsanar ganin allurar. Ya zan yi ba tare da na ɓata da su ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da maganar Hajiya don a nan matsalar take kwance. Ba na jin mugunta ce ta sa ta ce aikin zaune ne, abin da idonta ya nuna mata ke nan, ta gan ki a kujera da 'yar allura kina hira kina sokawa, me zai sa ta ɗauka wahala ce? Wanda bai taɓa ɗora dutse ɗaya a kan yadi ba gani yake barbaɗa su ake yi kamar gishiri a miya. Kuma ki yi haƙuri zan faɗa miki, ke ma da naki hannun a ciki, don na tabbata yanzu in aka tsare ki aka ce awa nawa mayafi ɗaya yake ci miki ba za ki iya faɗa ba, sai dai ki ce "yana ɗan ɗaukar lokaci". Toh in ke mai allurar ba ki sani ba ta ina Hajiya za ta sani?

Saboda haka kafin ki yi magana da kowa, yau da daddare ki ɗauko ƙyalle irin yadin mayafin, ki ɗauko tef ki auna inci 6, ki duba agogo, ki jera irin adon da amarya take so a wannan inci shidan, da irin saurin da kika saba ba na gasa ba. Mu ɗauka rabin awa ya ci miki. Mayafi mai tsawon yadi biyu da rabi da faɗin yadi ɗaya, in kika zagaye bakinsa duka yadi 7 ne, kowane yadi inci 36, ya kama inci 252 ke nan. Ki raba da shida, sau 42 za ki maimaita abin da kika yi, wato awa 21. Bakin mayafi kawai fa, ba a taɓa tsakiyarsa ba. In awa biyu kike samu bayan yara sun kwanta, dare goma sha ɗaya ya tafi, kuma da sharaɗin ba wanda ya yi zazzaɓi, ba a ɗauke wuta ba, ba baƙin da suka kwana. Yanzu ki ɗora gaban rigar dina da hannayenta, ki ɗora ɗankwali takwas. Ba sai na ƙarasa miki lissafin ba, sati biyar ba zai ɗauka ba ko da girki kika daina.

Shi wannan hoton na Instagram kuwa, irin rigunan nan da dutse ya rufe su ruf, yawancinsu ba mace ɗaya ce ta zauna da allura a falonta ta yi ba. Wasu leshin ne ya zo da dutsensa daga kamfani, inji ya jera. Waɗanda aka yi da hannu kuma a Indiya da Pakistan ɗaure yadin ake yi a wani babban firem na katako, mutum uku huɗu su zagaye shi a zaune, kowa da wata allura mai ƙugiya a baki da suke kira ari, suna yi tun safe har yamma don shi ne abincinsu. Faransawa ma suna da irin wannan ƙugiyar, a garin Lunéville aka shahara da jera duwatsu da ita tun ƙarni na 19, kuma da ita manyan gidajen ɗinkin Paris suke aiki har yau. Ƙugiyar nan ta fi allurar hannu sauri nesa ba kusa ba. Toh shi ake so ke kaɗai ki kamo tsakanin wanke-wanke da shirin makarantar yara.

Da wannan lissafin a hannunki za ki fara zuwa wajen maigida, shi ne farko ba Hajiya ba. Fushinsa yana da dalili, ba wanda zai so matarsa kullum sai ɗayan dare tana duƙe a kan kayan wasu, da safe ta tashi ido jawur. Amma ki lura shi ma bai san nauyin abin ba, yana ganin ke ce kika ɗora wa kanki. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki nuna masa ƙyallen nan da kika gwada, ki ce masa wannan ɗan wajen rabin awa ya ci, ga abin da aka kawo min, ga kwanakin da suka rage. Kar ki shigo da maganar "danginka sun raina ni", da kin faɗi haka zance ya bar kan dutse ya koma kan uwarsa, kuma a nan ba za ki ci riba ba. Abin da kike nema a wajensa biyu ne, ya tsaya miki in magana ta tashi, sannan in da hali ya sa hannu a kuɗin kai rigar wajen masu yi. Ƙanwarsa ce ai, shi ya fi kowa cancantar ɗaukar wannan.

Ita kuma Hajiya, ni a ganina kar ki je mata da "ba zan iya ba". Ki je da abin da za ki iya. Ki gaishe ta yadda kika saba, ki ce Hajiya na duba kayan amarya, mayafin kamu ni zan yi mata shi da hannuna, dutse da zare duk nawa, shi ne gudummawata ta biki, ina so in zauna in yi shi yadda duk wanda ya gani sai ya tambaya. Rigar da ɗankwalayen kuwa in na ce zan haɗa duka toh ranar dina za ta zo riga tana rabi, gara tun yanzu a kai wa masu aikin tun da sauran lokaci. Kin ga da kin kira shi gudummawa kin canza masa matsayi, ya tashi daga aikin da aka sa matar ɗa ya koma kyautar da ake faɗa a gaban mutane, kuma kowa ya san ba a cewa mai gudummawa ta ƙaro. Za a iya ɗan ɓata rai, wataƙila amarya ta kwana biyu ba ta amsa miki waya da daɗi, wannan mai wucewa ne. Wanda ba ya wucewa shi ne ki amsa duka don kunya, ranar biki a rasa rigar sawa, wannan har jikoki sai sun ji labari.

Kuma ki faɗa a satin nan, kar ki bari sai saura kwana goma. Lokacin biki teloli cike suke.

Ɗankwalin ƙawaye ma ba abin tashin hankali ba ne. Akwai fulawoyi da aka riga aka jera musu dutse a kan net, ana sayar da su ɗaiɗai ko a yadi a shagunan kayan teloli, a yanko a ɗora a bi gefen da ƙananan ɗinki, ɗankwali ɗaya ba zai wuce ɗan zama kaɗan ba. Akwai kuma dutse mai gam a bayansa wanda ake mannawa da zafin guga, ba ya kai na hannu ƙarko amma anko na yini ɗaya ne, ya isa. In kina da kirki sosai ki tara ƙawayen rana ɗaya ki nuna musu, kowacce ta yi nata, su takwas ne ai kuma duk da hannuwansu. Daga ranar ma za ki ga an rage cewa aikin zaune ne.

Sai maganar abayar facalarki, wadda na ga alama ita ta fi ci miki rai, har ta sa kike jin kamar dole ki amshi wannan aikin don ki wanke kanki. Ban ga abayar ba, amma zubewar dutse dalilanta sanannu ne kuma duk suna gyaruwa. Na farko kuma mafi yawa, a zuro duwatsu goma ko ashirin a zare ɗaya a shimfiɗa a soke ƙarshen, yana da sauri yana da kyau a ido, amma ranar da zaren ya maƙale a hannun ƙofa ko zoben wata, layin gaba ɗaya zai zube a ƙasa. Yadda ake yi, ki zuro huɗu kawai, ki soka allura ƙasa daidai inda na ƙarshe ya tsaya, ki fito ta baya tsakanin na biyu da na uku, ki sake bi ta cikin ramin biyun ƙarshe sannan ki zuro wasu. Kowane dutse ya zama yana da abin da ya riƙe shi. Sannan duk bayan inci ɗaya ko biyu ki ɗaure ƙulli a bayan yadin ki ci gaba, ba sai kin yanke zaren ba, ko ya tsinke wani waje 'yan kaɗan ne za su fita. Manyan duwatsu masu nauyi kuwa kowanne sau biyu ko uku za ki bi ta cikinsa ki ɗaure shi shi kaɗai.

Na biyu zare. Zaren auduga na keke guda ɗaya ba ya jure gogar gilas. Ki nemi zaren nailon na aikin duwatsu, in babu ki riɓa zaren foliyesta mai kyau biyu ki ja shi a kan kakin zuma sau biyu, yana hana shi harɗewa yana ƙara masa ƙarfi. Kar ki yanko shi da tsawo sosai, daga yatsa zuwa kafaɗa ya isa, don duk wucewar da yake yi ta cikin yadi da dutse cinye shi ake yi. Wannan farin zaren roba mai kama da na kamun kifi da mutane suke so don ba a ganinsa, ni ba na ba da shawararsa a kayan sawa, ƙullinsa yana zamewa, yana sukar fata, guga kuma tana narka shi. Dogayen duwatsun nan masu kama da guntun tsinke su ma mugaye ne, bakinsu kaifi gare shi yana yanke zare a hankali, sai ki sa ƙaramin dutse zagayayye a kowane gefe ya tare bakin.

Shi sikwin hanya mafi ƙarko ita ce ki fito da allura ta raminsa, ki zuro ƙaramin dutse ɗaya wanda ya fi ramin girma, ki koma ta ramin, dutsen ya zama shi ne mariƙinsa. In layi kike so su hau kan juna, ɗaya bayan ɗaya za ki ɗinke kowanne ya rufe zaren na bayansa. Kuma yadin abaya da shifon da net ba sa son nauyi, in kika ɗora musu dutse da yawa ba tare da wani abu a baya ba sai su ja su tattare, zaren ya yi ta wasa har ya gaji. Ki ɗaure wajen a firem, wannan zoben katakon, ya miƙe amma kar ki ja shi har ya canza siffa, wajen da ado ya yi nauyi kuma ki sa yadin oganza ko gamste mara kauri a baya, wato abin da teloli suke mannawa a bayan yadi don ya yi ƙarfi.

Akwai kuma abin da ba laifinki ba ne sam. In an jefa abayar a injin wanki, ko an murɗe ta an matse, ko an bi ta kan adon da dutsen guga na gawayi, ko wa ya ɗinka sai ta zube. Don haka ki karɓo abayar, ki ce Yaya kawo in duba miki, ki gyara layin da ya fita ta hanyar da na faɗa ki mayar mata ba tare da dogon bayani ba. Habaici ba ya daɗewa in abin da ake yi a kansa ya gyaru.

Wajen sayen kayan mayafin amarya kar ki yi ƙoron kuɗi tunda abu ɗaya za ki yi. Ƙananan duwatsun gilas lamba gare su, kuma lambar tana girma dutsen yana ƙanƙancewa, mai lamba 11 wajen milimita biyu ne, mai lamba 8 wajen uku, mai lamba 6 wajen huɗu. Allurarsu siririya ce doguwa, lamba 10 ko 12, allurar ɗinki ta gida kanta ba ya wucewa ta ramin ƙananan, in kika matsa dutsen ya fashe. Na Japan irin Miyuki da Toho da na ƙasar Cek irin Preciosa su ne aka sani da daidaiton girma, sai dai tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Na leda da ake aunawa a kasuwa su ma suna yi, kawai ki zube su a faranti ki tsince karkatattu da masu toshewar rami. Abin da za ki kiyaye shi ne rini, wasu launin a jikin gilas ɗin yake wasu kuwa fenti ne aka shafa a sama. Ki ɗebi kaɗan ki jiƙa a ruwan sabulu ki goga a farin ƙyalle, in ya bar launi toh kar ya kusanci mayafin amarya, gumi kaɗai ya isa ya sa ya zuba. Kuma ki sayi abin da zai ishe ki har da ragowa a lokaci ɗaya, in ya ƙare kika koma ba lallai ki samu launin da ya yi daidai ba.

Idonki da wuyanki kuma ba abin wasa ba ne. Yajin ido yawanci daga ƙura wa abu ɗaya ido ne a haske mara ƙarfi, mutum har ya manta da ƙiftawa. Ki daina aiki da tocilan waya, ki samu fitila mai caji mai farin haske ki ajiye ta gefen da hannunki ba zai yi miki inuwa ba, in da hali ma ki mayar da aikin rana, bayan azahar ko hantsi. Likitocin ido suna cewa duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20. Ki ɗago aikin zuwa wajen ƙirjinki da filo a cinya maimakon ki kai kanki wajensa. In kin gyara duk wannan sati biyu ido bai daina ba, ko kina ganin dishi-dishi ko ciwon kai, ki je a auna miki, wataƙila tabarau kike buƙata. Baƙin yadi da daddare kuwa ki haƙura da shi kwata-kwata. Sannan tunda kina da ƙananan yara, duwatsun nan su zauna a roba mai murfi a saman wadrob, yara suna cusa su a hanci da kunne suna haɗiya, in hakan ta faru kar a yi ta zungura da tsinke, asibiti za a kai.

Ledojin da suka taru fa? Bayan biki ki fito da su ki kira masu su ɗaya bayan ɗaya. Ba sai kin zama 'yar kasuwa ba in ba kya so, da yawa za su ce miki ki buɗe shafi ki fara karɓar oda, ni ban ce dole ba, ke kika ce don kanki ya huce kike yi kuma wannan ma dalili ne cikakke. Amma ko ba sana'a ba ce ki sa doka, mai so ta sayo dutsenta da zarenta, abu ɗaya kike karɓa a lokaci guda, kuma ba kya sa rana. Wadda take gaggawa ga teloli nan. In kuma kin ga za ki karɓi kuɗi, ki tambayi masu yi a garinku nawa suke caji kar ki karya kanki, kuma ba abin kunya ba ne ko a wajen dangi, hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai ware dangin miji ba. Hajiya kaɗai zan ce ki riƙa yi mata kyauta lokaci-lokaci, ɗan bakin mayafi da sallah, ke da kanki ba sai ta aiko ba. Tsakanin aiki da aiki kuma ki ɗinka wani abu naki, ko jakar 'yarki ce, wanda ba mai jiransa.

Ranar da za ki miƙa wa amarya mayafin ki haɗa mata da bayani, in ta kama ki tura mata a waya don kar a ce ba ki faɗa ba. Da hannu ake wanke shi a ruwan sanyi, a juya bayansa, ba murɗawa ba Hypo, a shimfiɗa shi ya bushe a inuwa. Guga ta baya kawai da ƙyalle a tsakani. A ninke shi a ajiye kar a rataye, nauyin dutse yana jan yadi. Sai babban, amare da turare, sikwin roba ne, in aka ɗora shi a kabbasa garwashi na ci sosai lanƙwashewa zai yi, turaren fesawa da humra kuma suna dusar da ƙyallin dutse, ta fesa a jikinta ya sha iska sannan ta yafa. In dole sai an turara shi, a bari wutar ta lafa tukuna kuma a juya adon sama. Allah ya sanya alheri a bikin, ya kai mu lokacin lafiya.